Jinjina ga Malaman Adabin Turanci na Suki

Yaron da ya tashi a Suki ko Mai Wurno, a jihar Sinnar ta Sudan, da Hausa yake magana a gida, da Larabci yake karatu da ciniki. Turanci ne harshensa na uku, kuma malamin makarantar mutawassiɗa, wato ta tsakiya, shi ne ke ɗaukar nauyin sa masa ƙaunarsa. Wannan malami ya cancanci jinjina.

Aikin ba ƙarami ba ne. Hannun da ya saba rubutu daga dama sai an juya shi ya fara daga hagu. Malam zai karanta sakin layi da ƙarfi, ya sauya murya idan wani ya karɓi zance a labarin, ya rubuta kalmomi masu wuya a allo, ya warware su da Larabci, in ta kama ya ƙara da Hausa. Sannan ya tambaya: me ya sa wannan mutum ya aikata haka? Nan yaro ke koyon kafa hujja.

Sana'ar tana da tushe a Sudan, tun daga cibiyar horar da malamai ta Bakhtar Ruda da aka kafa a 1934. Gyaran ilimi na farkon shekarun 1990 ya soke matakin mutawassiɗa, sai bayan kusan shekara talatin aka dawo da shi. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya rufe makarantu, ya iso Suki a 2024.

Duk malamin da ya koma aji bayan wannan, yana bin mutanen garuruwan nan, jikokin waɗanda suka yi hijira zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, bashin godiya. A biya malaman albashi kan kari, a wadata su da littattafai.