Robinson da rabin tarihin Hausa

Duk malamin da ya taɓa bin diddigin yadda harshen Hausa ya shiga littattafan Turawa, ba ya rasa cin karo da sunan Charles Henry Robinson, limamin cocin Angalika kuma marubucin tarihi, wanda aka haifa a Ingila a 1861, ya rasu a 1925. An fi sanin sunansa a jami'o'in Nijeriya. A makarantun Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa kuwa, da wuya a ji an ambace shi. Amma aikinsa ya cancanci mutanen wannan yanki su auna shi, saboda abin da ya adana, da kuma abin da idonsa bai kai gare shi ba.

Rasuwar wansa ce ta jawo shi ga Hausa. John Alfred Robinson ɗan mishan ne da ya duƙufa kan harshen, ya rasu a Lakwaja a 1891. Domin tunawa da shi aka kafa wata ƙungiya ta nazarin Hausa a Ingila, ita kuma ta zaɓi ƙanen ya ci gaba da aikin. Ya fara koyo wajen Hausawa mazauna Tarabulus da Tunis, sa'an nan ya biyo kogin Kwara, ya ratsa Zariya, ya shiga Kano cikin Disamba na 1894, ya yi wajen wata uku. Da ya koma gida ya koyar da Hausa a jami'ar Kambirij, ya fitar da ƙamusunsa a 1899 da 1900. Daga 1902 ya kama aikin editan littattafai na wata tsohuwar ƙungiyar mishan ta cocinsa, ya kuma wallafa tarihin ayyukan mishan na duniya a 1915.

Mafi daraja cikin abin da ya bari shi ne Specimens of Hausa Literature na 1896. A ciki ya buga hoton takardun ajami kamar yadda malamai suka rubuta su, waƙoƙin wa'azi da ɗan guntun tarihi, ya haɗa da juyi zuwa boko da fassarar Ingilishi. Wannan hujja ce da kowane malamin makaranta zai iya ajiyewa gaban ɗalibin da ke zaton Hausa ba ta san alƙalami ba sai da zuwan Bature. Sai dai juyin nasa yana da rauni. Bai nuna karin sauti ba, kuma inda baiti ya dogara ga ilimin addinin Musulunci, sau da yawa fassarar takan rame. Ƙamusun nasa ma ya ja baya bayan fitowar na Bargery a 1934. Hoton ajamin dai yana nan da amfaninsa, don yana ba mai karatu na yau damar gyara wanda ya fassara.

Littafin tafiyarsa, Hausaland, shi ma na 1896 ne, kuma a nan ya kamata a yi hattara. Ya bayyana kasuwar Kano da cinikin bayi dalla-dalla, ya lura cewa nauyin wuri yakan sa fatake su mai da bawa tamkar kuɗin guzuri, ya ba da shawarar a kawo kuɗin ƙarfe da jirgin ƙasa. Babu mai musun zaluncin da ya gani. Amma ya iske Kano a ƙarshen Yaƙin Basasa, Sarki Alu bai daɗe da shiga birni ba, Tukur kuma yana nan da rai har cikin 1895. Ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita ya gani, masu karatu a Landan kuwa suka ɗauka haka take kullum. Irin wannan hoto ya yi wa masu neman hujjar mamaya amfani. Sunan littafinsa na 1900, Nigeria: Our Latest Protectorate, ya isa shaida kan inda zuciyarsa ta karkata. A 1903 Kano ta faɗa hannun Ingilishi.

Babban giɓin ya shafi arewa. Tafiyarsa ta tsaya a Kano, don haka labarin ƙasar Hausa ya same shi ta bakin mutanen daular Sakkwato. Alhali tsofaffin gidajen sarautar Hausa biyu suna raye a kwarin Gulbin Maraɗi. Bayan faɗuwar Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunanta ta kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Wanda ya tsaya a fadar Kano, mahara kawai zai gani cikin Maraɗawan zamanin Ɗan Baskore da na bayansa. Wanda ya zo nan zai tarar da Sarkin Katsina da Sarkin Gobir, da sarautun Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi, da Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri, da al'adun gado na manoman kwari irin na Jiratawa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Wata uku a birni ɗaya ba su isa a san ƙasa ba.

Wannan rabe-rabe ya bi tarihi har kan taswira. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta bar wa Ingilishi abin da ke ƙarƙashin Sakkwato. Maraɗi da Tsibiri ba su taɓa miƙa mata wuya ba, kuma daga ƙarshe suka faɗa rabon Faransa. Labarinsu sai ya fito da Faransanci, ta hannun Landeroin, tafintan ayarin Tilho da ya shata iyaka, cikin kundin da aka buga a 1911. Haka al'umma ɗaya ta wayi gari da ɗakunan karatu biyu, kowane da harshensa, kowane riƙe da rabin zance.

Nan aikin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu yake. Littattafan Robinson suna samuwa kyauta a intanet. Ya dace a fassara sassansu zuwa Hausa, a jera su da na Landeroin, a kai su gaban makaɗan fada da dattawan Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, su tabbatar da na tabbatarwa, su ƙaryata na ƙaryatawa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu ita suna tsufa.