Tsakanin Tudu da Teku: Tarken Gidan Tarihin Jiragen Ruwa na Libaful

1.0 Gabatarwa

Gidan tarihi, kamar littafi, yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana da taurari, yana kuma da waɗanda aka bari a bayan fage. Saboda haka ana iya tarkensa kamar yadda ake tarken ƙagaggen labari. Manufar wannan maƙala ita ce a yi irin wannan tarke ga Gidan Tarihin Jiragen Ruwa na birnin Libaful da ke Ingila, a auna shi da ma'aunin maziyarcin da ya fito daga arewacin Zamfara, wato ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda garin Gurbin Bore yake.

Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Tsakanin wannan ƙasa da bakin teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Amsar ita ce, hanyoyi biyu sun haɗa su. Ta farko ruwa: gulbin Gagare da ya bi ta Ƙauran Namoda da gulbin Bunsuru da ya ratsa ƙasar Zurmi suna zuba cikin Rima, daga nan ruwan ya isa Kwara, Kwara kuwa ta faɗa teku. Ta biyu dogo, wanda ya taso daga Ikko ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, wannan gida ya fara labarinsa daga gaɓar teku, alhali rabin labarin a tudu yake.

2.0 Gidan da Tsarinsa

Gidan yana cikin tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya na Tashar Albert, wadda aka buɗe a 1846, aka daina amfani da ita a 1972. An fara nuna kayan tarihi a harabar a 1980. A 1994 aka keɓe zaure guda ga cinikin bayi na Tekun Atlantika, sa'an nan ranar 23 ga Agusta 2007 aka faɗaɗa shi ya zama Gidan Tarihin Bauta, a hawa na uku na ginin. A Janairu 2025 an rufe gidajen biyu domin gyara da sake tsari. Ke nan wannan tarke ya shafi tsarin da aka sani kafin rufewar.

Idan aka dubi rabon zauruka, za a ga cewa tauraron labarin shi ne jirgi. Akwai zauren Titanic, wanda aka yi wa rajista a Libaful ya nitse a 1912. Akwai na Lusitania, wanda Jamusawa suka nitsar a 1915. Akwai na yaƙin teku a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da na miliyoyin Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostareliya, da na aikin kwastan da fasa-ƙwauri. Zaren da ya ɗinke su duka shi ne matuƙi da fasinja da mai jirgi.

3.0 Abin Yabo

Adalci ne a fara da yabo. Libaful ba ta ɓoye abin kunyarta ba. Jiragenta sun yi safarar 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙasashen Amurka, kuma a ƙarshen ƙarni na 18 ita ce kan gaba a wannan ciniki a duk Turai, har zuwa 1807 da dokar Ingila ta hana shi. Gidan ya faɗi haka ƙarara, a cikin ginin da dukiyar teku ta gina. Bugu da ƙari, sashen bautar bai fara da mari da sarƙa ba, ya fara da rayuwar Afirka ta Yamma, har aka sake gina wani sashe na gidan Ibo, domin a nuna cewa waɗanda aka kama mutane ne masu gida da sana'a da addini. Zaɓen Ibo kuwa yana da hujja, domin jiragen Libaful sun fi lodi a Boni da Kalaba. Hausawan da aka ƙetarar da su, galibinsu ta Ikko da Badagiri da tasoshin Dahomi aka fitar da su zuwa Bahiya ta Birazil, inda suka yi bore a 1807 da 1809 da 1814.

4.0 Giɓin da ke Cikin Labarin

Duk da wannan yabo, akwai giɓi ta fuska uku.

4.1 Jirgi Mai Sunan Hausa

A 1824 Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Ya sake dawowa, ya rasu a can a 1827. Baransa Richard Lander shi ne, tare da ƙanensa, ya bi Kwara har bakin teku a 1830. Jin haka sai wani ɗan kasuwar Libaful, Macgregor Laird, ya shirya jirage masu tururi guda biyu a 1832 domin su shiga kogin. Ɗaya an sa masa sunan Kwara. Ɗayan, ƙarami na ƙarfe mai nauyin tan 55, an kira shi Alburkah, wato Albarka. Wannan jirgi ya ƙetare teku, ya hau kogi har Raba ta ƙasar Nufe. Daga cikin Turawa 48 da suka tafi, 9 kaɗai suka tsira da rai.

A cikin ayarin akwai wani Bahaushe da Turawa suka sani da William Pascoe, wanda littattafan matafiya suka ce sunansa Abubakar, kuma Bagobiri ne. An sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, ya yi wa Clapperton da Lander tafinta, kuma a wannan tafiya ta ƙarshe ya rasu. Ga mutum guda da ya haɗa bauta da aikin teku da tafinta, ga jirgi mai sunan Hausa da ya tashi daga wannan birni, amma ba irin labarin da aka gina zauruka a kansa ba ne. Dalili kuwa shi ne tsarin ya raba mutane gida biyu: Bature matuƙi a hawa ɗaya, baƙin mutum abin tausayi a wani hawan. Wanda ya zamo bawa ne kuma matuƙi, ba shi da mazauni a irin wannan rabo.

4.2 Kayan da Ba Su da Masu Su

Giɓi na biyu ya fi shafar Zamfara. Shekarar 1912, wadda Titanic ya nitse, ita ce shekarar da fataken Kano suka rungumi cinikin gyaɗa bayan isowar dogo a 1911. Da dogo ya kai Gusau da Ƙauran Namoda, sai gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka riƙa zuwa tasha a kan jakai da raƙuma, daga nan sai Apapa, daga Apapa sai jiragen kamfanin Elder Dempster na Libaful. Shugaban wannan kamfani, Alfred Jones, shi ne ya kafa Bankin Afirka ta Yamma a 1894, ya kuma shugabanci ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila da aka kafa a 1902. Kamfanin John Holt, wanda Hausawa ke kira Janhol, shi ma na Libaful ne.

A gidan tarihi irin wannan, jirgi yana da suna da shekarar ƙira da hoton kyaftin, amma kayan da ke cikinsa sukan ƙare a kalma ɗaya: kayan Afirka ta Yamma. Wannan kalma ta haɗiye manomin da ya shuka, da matan da suka ɓare gyaɗar da hannu, da ɗan kamashon da ya auna, da ɗan dakon da ya ɗora buhu a tarago, da harajin da ya tilasta wa talaka neman kuɗin Bature. In babu waɗannan, wayam jirgin zai koma.

4.3 Shaidar Harshe

Giɓi na uku shi ne na harshe, wanda ba a iya sa shi cikin akwatin gilashi. Bahaushe ya san jirgi tun kafin Bature, yana da fito, yana da Sarkin Jirgi da Sarkin Ruwa. Da dogo ya zo, bai nemi baƙuwar kalma ba, sai ya ce jirgin ƙasa, daga baya ya ce jirgin sama. Wato a tunaninsa, abin da ya tsaya a Ƙauran Namoda ɗan'uwan wanda ya tsaya a Apapa ne, kuma kalmar tasha ɗaya ce ga su biyun. Haka nan kalmomin sikeli da tan da fam da sule da kanti da kwastan ta wannan hanya suka hauro, akawu kuwa ta bakin Yarbawa. Ko nazarin Hausa a Turai ta ruwa ya fara ƙarfi: J. F. Schön ya bi ayarin jiragen Kwara na 1841, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya rubuta labarin Dorugu, yaron da Barth ya kai Ingila a 1855.

5.0 Nauyin da ke Kan Manazarta

Ba daidai ba ne a ɗora wa Libaful laifin duka. Kowa ya gina zaure, labarin gidansu zai bayar. Kuma duk mai neman a saka Bahaushe cikin labarin teku, tilas ya yarda a saka shi gaba ɗaya: wanda aka sayar, da wanda ya sayar, domin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da kasuwanninta suna cikin abin da ya ciyar da tasoshin gaɓa da bayi.

Babban abin damuwa shi ne rabin labarin da ke tudu yana salwanta. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya cinikin. Jirgin fasinja na ƙarshe na Elder Dempster, Aureol, ya daina zirga-zirga a 1974. Takardun kamfanin suna nan a taskar gidan tarihin Libaful. Amma dattawan da suka kai gyaɗa tashar Ƙaura suna ƙarewa, rashin tsaron da ya addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi tun shekarun 2010 kuma ya ɗaiɗaita ƙauyuka da dama tare da masu riƙe da labarinsu. Waƙoƙin 'yan dako da kirarin 'yan kamasho da sunayen ma'aunai ba su cikin kowace taska a Ingila. Ɗalibin da ke neman batun digiri na biyu ko na uku, ga fage nan.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa Gidan Tarihin Jiragen Ruwa na Libaful ya cancanci yabo wajen faɗin gaskiya game da bauta, amma tsarinsa ya tsaya a gaɓa: ya san jirgi, bai san inda kaya suka fito ba. Tun da an rufe shi domin sake tsari, lokaci ne da ya dace masana Hausa su miƙa abin da ke hannunsu. Sai dai ba a miƙa abin da ba a tattara ba. Aikin farko yana Ƙauran Namoda da kasuwannin da suka ciyar da tasharta, irin su Shinkafi da Gurbin Bore, tun masu ba da labarin suna da rai.