Jigon Hutun Hunturu a Waƙar William Cowper

Wannan takarda za ta dubi kashi na huɗu na doguwar waƙar nan The Task, wadda William Cowper ya wallafa a 1785 yana zaune a garin Olney na ƙasar Ingila. Waƙar kashi shida ce, ba ta da amsa-amo, kuma wannan kashi ya tsaya ne a kan maraicen hunturu.

Dole a fara da kalmar hunturu kanta, domin a nan ɗalibanmu kan yi tuntuɓe. A wurinmu ruwa da sanyi ba su haɗa lokaci ba. Damina ta fartanya ce, wanda ya kwanta a cikinta malalaci ne. A Ingila kuwa ruwa da ƙanƙara da gajeruwar rana tare suke zuwa, gona ta tsaya, zaman ɗaki ya zama halas.

Mawaƙin ya zana wannan zama da gwaninta: an rufe tagogi, an iza wuta, ga shayi, ga jarida. Duniya da rigingimunta sun iso masa a takarda, yana kallonsu daga nesa. Har ya amsa da bakinsa cewa wani lokaci zura wa garwashi ido kawai yake yi, zuciya ba ta tunanin kome. Wannan gaskiya ta ƙara wa waƙar daraja, musamman daga mutumin da ciwon damuwa ya kwantar a 1763.

To amma wa ya kawo jaridar? Ɗan aiken gidan waya ne, wanda waƙar ta buɗe da shi, takalmansa duk taɓo, gashinsa ya daskare. Can gaba kuma ga mai keken dawaki yana fama da hanya, ga matar talaka ta hura 'yan ƙiraren da suka rage, ta bar wa 'ya'yanta ɗumin. Ashe hutun nan wasu ke ɗauke da nauyinsa, Cowper kuwa bai ɓoye ba.

Inda nake ganin ya gaza shi ne maganin da ya bayar. Ya yaba wa talakan da haƙuri, ya ce yaran za su girma su yi aiki, wani mai hali zai taimaka. Daga nan sai ya juya kan ɓarayi da mashaya, tausayin ya koma wa'azi, shi kuwa bai tashi daga gaban murhunsa ba.