Dattijon da Ya San Lokacin da Bayani Ya Isa

Daga Bichi zuwa Dambatta, ka gangaro Minjibir, da wuya ka ga filin da ba gonar wani ba ne. Ƙasar ba ta hutu. Shekara da shekaru ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda, abin da ke riƙe da ita kuwa taki ne. Shi ya sa da rani jakuna da amalanke ba sa zama, suna ta kai da komo tsakanin turke da gona. Inda ake biyan ladan dako ba a rasa gardama, kuma a wurin raba irin wannan gardama ce ake ganin wata basira da ta fi iya ƙidaya burge ni: ta dattijon da zai saurari magana ya ce "wannan ya isa" ko "da saura", tun bai fara lissafi ba.

A ce manomi ya dawo daga tafiya ya tarar da tsibin taki 36 a gonarsa, kowane tsibi mangala guda. An yi da shi cewa duk jakin da ya shiga aikin sawunsa daidai yake da na sauran. Jakuna nawa zai biya? Ya kai maganar gaban mai unguwa. Wani yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, jakunan dai sun fi 6." Mai gaggawa zai ce 9 ne. Dattijo ba ya haka. Ya san babu rabin jaki, babu kwatan sawu, don haka hanyoyin da 36 za ta fito ƙidayayyu ne, kuma duk suna kansa: 4 sau 9, 6 sau 6, 3 sau 12, 2 sau 18, 1 sau 36, da juyinsu. Maganar yaron ta bar 9 da 12 da 18 da 36 a tsaye. Sai ya ce da saura.

Maƙwabci ya zo ya ce shi bai ƙirga jakuna ba, amma kowanne ya wuce ƙofar gidansa fiye da sau 3. A nan gwanintar take. Dattijo yakan ajiye maganar yaron gefe, ya auna ta maƙwabcin ita kaɗai, kamar bai ji ta farko ba. Ita ma ba ta isa ba, don jakuna 6 ko 4 ko 3 duk za su iya. Sai ya haɗa biyun: sun fi 6, sawu ya fi 3. Jakuna 12 sawu 3 kacal za su yi, sun fita. Ba abin da ya rage sai 9, kowanne sawu 4. Babu shaidan da ya faɗi 9, amma babu wata amsa kuma.

Da tsibin 37 ne, zai ɗaga kai tun kafin shaidu su yi magana, domin 37 ba ta rabuwa daidai. Ko dai jaki ɗaya ne ya yi aikin duka, ko jakuna 37 sawu ɗaya-ɗaya, ko kuma wani ya ɓata ƙirga, wanda shi ya fi kama hankali.

Irin wannan tambaya ce ake yi wa masu neman digiri na biyu kan harkar kasuwanci a jarrabawar GMAT, wadda ta samo asali daga Amurka. Ana ba ɗalibi tambaya da bayani biyu, ya zaɓa cikin amsoshi 5: na farko kaɗai ya isa, ko na biyu kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kowanne ya isa da kansa, ko duka ba su isa ba. Sai dai ɗalibi yana da tarkon da mai unguwa ba shi da shi. A takarda lamba tana iya sauka ƙasa da sifili, kuma −4 sau −9 ma 36 ce. In ba a ce cikakkun lambobi na sama da sifili ake nufi ba, wanda ya ɗauka haka ya faɗi.

Inda na fi jinjina wa wannan basira shi ne zauren malamin da ke rabon gado, wanda ya karanci babin gado a littafin Risala na Ibn Abi Zaid. Magada sun taru, babbansu ya ce, "Allah gafarta Malam, mamacin ya bar 'ya'ya." Don kason matarsa wannan ya wadatar: tumuni ne, ɗaya cikin 8, ko ɗa guda ne ko goma. Da bai bar ɗa ba, da rubu'i ne. Amma don kason 'ya'yan, malam zai tambaya, "Akwai namiji a cikinsu?" In aka ce mata ne zalla, tambaya ɗaya ta rage masa: ɗaya ce ko sun fi ɗaya? Ɗaya tana da rabi. Daga 2 zuwa sama suna tarayya a kashi 2 cikin 3, ko su 2 ne ko 7. Ainihin yawansu sai an zo raba wannan kason a tsakaninsu yake nemansa, musamman in gona ce, wadda za a bi da igiya a auna wa kowacce nata.