Babba Juji Ne: Shugabanci a Zangunan Akara

Tun kafin a kafa ma'aikatu da jami'o'i a ƙasar Gana, mutanen zango suna da nasu ma'aunin shugaba. Baƙon da ya sauka Akara da shanu ko don cinikin goro yakan nemi maigida, watau mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in ciniki ya ɓaci, ya kuma yi masa sutura in ajali ya riske shi nesa da gida. Ta wannan hanya Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Malam Amadu Futa kuma ya tara jama'a a Nima a shekarun 1930. Girmansu ya fito ne daga yawan mutanen da suke kwana a inuwarsu. Shi ya sa Hausawa suke cewa babba juji ne, kowa ya zo da shara a kansa zai zuba. Da wannan ma'auni ya kamata mai karatu ya auna hukumomin da suka ɗauki sunan zango a bakinsu a shekarun baya bayan nan.

Ma'aikatar da ta yi shekara huɗu

A 2017 Shugaba Nana Akufo-Addo ya kafa ma'aikata ta musamman domin raya zanguna da tsofaffin unguwannin birni, majalisa kuma ta zartar da doka mai lamba 964 wadda ta kafa Asusun Raya Zanguna. Alhaji Boniface Abubakar Saddique ne ministan farko, a 2018 aka sauya shi da Dokta Mustapha Abdul-Hamid. An gina azuzuwa, an sa fitilun titi, an shimfiɗa filayen ƙwallo, an kuma tura ɗalibai ƙasar Kuba koyon aikin likita. Wanda ya raina waɗannan ayyuka bai yi adalci ba, gama ba a taɓa ba zango kujera irin wannan a gwamnati ba.

Amma da aka shiga zangon mulki na biyu a 2021, sai aka rushe ma'aikatar, aka bar asusun kaɗai. Ministoci biyu cikin shekara huɗu, sa'an nan aka rufe ƙofa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alkawarin yaƙin neman zaɓe na 2016 ne ya haifi ma'aikatar, abin da zaɓe ya haifa kuwa da kalandar zaɓe yake tafiya. Filin ƙwallo ana gama shi cikin watanni, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Babban kwalbatin da ya ratsa tsakanin Nima da Maamobi, da ƙarancin makewayi, da cunkoson ɗakunan haya, da rashin takardun fili, waɗannan aiki ne na shekara goma ko fiye, mai yinsa kuma zai sha zagi kafin ya ji godiya. Maigidan da ya san zai tashi baɗi ba ya haƙa rijiya a gidan.

Jami'a da hayaƙin Agbogbloshie

Agbogbloshie tana bakin kogin Odaw, kusa da tafkin Korle da unguwar Tsohuwar Fadama. Shekara da shekaru samari, yawancinsu daga arewacin Gana, suna farfasa matattun talabijin da firiji da kwamfuta a wurin, suna ƙona wayoyin lantarki domin su ciro jan ƙarfe. A 2013 wani rahoto na ƙungiyoyin kare muhalli ya sa wurin cikin wurare goma mafi guba a duniya. Malaman kiwon lafiyar jama'a na Jami'ar Gana da ke Legon, tare da takwarorinsu na Jami'ar Michigan ta Amurka, sun gwada jinin ma'aikatan da fitsarinsu da numfashinsu, suka rubuta abin da dalma da hayaƙi suke yi wa jikinsu. Aiki ne na gaskiya, an kuwa yi shi da kyau.

Ranar 1 ga Yuli, 2021, motocin rusau suka share filin bisa umarnin Ministan Yankin Akara, Henry Quartey. Aka kwashe 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku, can nesa a bayan gari. 'Yan gwangwan kuwa suka watse, da yawa suka mai da sana'ar cikin lungunan Tsohuwar Fadama, kusa da inda ake girki, yara suna wasa. Jami'a ta cika nata ma'auni, gama an buga takardun bincike. Hukuma ta cika nata, gama fili ya zama fes. Yaron da aka ɗebi jininsa kuwa bai sami wanda ya tsaya masa ba. Shugaban jami'a yana da hukumar gudanarwa a kansa, da ma'aikatar ilimi, da masu ba da kuɗin bincike, kowa da takardar da yake jira. Uzuri ne na gaske, amma bai isa ba. Ilimin da aka samo daga jikin talaka bashi ne a wuyan jami'a, biyansa kuwa shi ne ta kai shi teburin da ake yanke shawara tun kafin a tayar da injin rusau.

Liman da jama'arsa

Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akara a 1919, ya zama Babban Limamin Gana a 1993. Ba shi da kasafin ma'aikata, ba shi da 'yan sanda. A 2012, da aka tone gawar wani limami a Hohoe har rikici ya ɓarke tsakanin matasan zango da 'yan ƙasa, ya tafi can da ƙafarsa ya shiga tsakani. A farkon 2019 waɗansu matasa suka far wa majami'ar wani fasto wanda ya yi annabcin mutuwarsa. Liman ya tsawata wa matasan, ya yafe wa faston. A ranar Ista ta wannan shekara, yana cika shekara 100, ya halarci sujada a majami'ar Katolika ta Christ the King. Waɗansu Musulmi sun soke shi a kan haka, bai janye ba.

A nan ne karin maganar nan ta sami mai ita. Kowane sulhu ya ci masa wani abu wurin mutanensa, ya yarda ya biya daga mutuncinsa. Jami'ar Gana ta ba shi digirin girmamawa a 2006, amma darasin da ya fi dacewa ta ɗauka daga wurinsa shi ne zuwa da ƙafa inda wutar take.

Duk da haka, yabo ba zai rufe giɓin ba. Ba dokar majalisa ce ta kafa ofishin Babban Liman ba, Ahlussunna da Shi'a da Ahmadiyya kuma kowa yana da nasa jagora. Ƙarfin ofishin kwarjinin mutum ɗaya ne, kwarjini kuwa ba a gadonsa kamar gida. An ga iyakarsa a 2021, da aka hana wata ɗaliba Musulma azumi a makarantar 'yan mata ta Wesley a Cape Coast. Maganar dattawa ta kwantar da hankula, amma ba ta warware tambayar ba. Sai a 2024 aka amince da rubutacciyar yarjejeniya kan addini a makarantun mishan, maganar ma ta kai gaban Kotun Ƙoli.

Abin da ya daɗe

Akwai misali guda da ya haɗa amincewar zaure da ƙarfin takarda. A 1987 aka kafa sashen ilimin Islama a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana. Makarantun allo da suka yarda suka shigo ƙarƙashinsa, gwamnati ta ba su malaman Turanci da lissafi, masu makarantun kuma suka riƙe Alƙur'ani da Larabci. Iyayen da dā suke gudun boko don tsoron a raba 'ya'yansu da addini suka sake su, domin malamin da suka sani yana nan bakin ƙofa. Sashen yana da nasa matsaloli, musamman albashin malaman Larabci, amma ya ga wucewar gwamnatoci da yawa.

Wanda aka ba kujera da sunan zango, minista ne ko shugaban jami'a ko liman, ya kamata a yi masa tambayoyin da akan yi wa maigida. Shin yana nan ranar da baƙonsa ya shiga uku? Me ya yarda ya rasa dominsa? Wa ya horar, me kuma ya rubuta, domin aikin ya ci gaba bayansa? Mutanen Nima da Maamobi da Fadama suna da ƙuri'a, suna da masallatai da ƙungiyoyin matasa. Hakkinsu ne su yi waɗannan tambayoyi kafin su tafa wa kowa, su kuma maimaita su bayan an gama zaɓe.