Jinjina ga Masu Naɗa Farin Rawani

Idan Sarkin Kano ya fito hawan Sallah, ido kan tsaya a kan farin rawaninsa mai kunne biyu, ba a tuna hannun da ya naɗa shi. Alhali naɗin harsa aiki ne na haƙuri: a wanke, a ninke, a kewaya kai daidai, a saki amawali yadda zai rufe baki ko doki ya yi sukuwa. Wasu za su ce ado ne kawai. Amma Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da sa fararen tufafi, kuma fari ba ya ɓoye datti, don haka malami ko basarake da ya ɗaura shi ya ɗauki nauyin tsare mutuncinsa. Masu wannan sana'a sun cancanci yabo.