Jaruma: Ta Ƙetare Iyaka, Kuɗin Bai Biyo Ta Ba

A shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya rufe kasuwanni da gidajen biki, "Jaruma" ta Hamisu Breaker, ɗan unguwar Ɗorayi a Kano, ta mamaye wayoyi. Matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawa a gaban mazajensu, malamai suka yi ta faɗa, faɗan kuwa sai ya ƙara mata kasuwa.

Rawar ta wuce, waƙar ba ta wuce ba, kuma muryar ce dalili. Hamisu ba ya ɗaga murya. Lallashi yake yi, yana jan ƙarshen baiti har sai ya shige cikin kiɗan. Kiɗan ma ba ya gaggawa, yana barin sarari mai saurare ya ɗauki amshi tun a jin farko. Kalmomin na yau da kullum ne, waɗanda saurayi zai iya furtawa wurin zance ba tare da ya ji nauyi ba. A Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda aka gaji auna waƙa da ƙafiya da zurfin ma'ana, dattijo zai ce baitocin ba su da kauri, kuma na'urar gyaran murya ta yi yawa. Yana da gaskiya. Sai dai jikokinsa sun haddace waƙar.

Ta shiga Nijar da Gana da Kamaru, duk inda Bahaushe ya yada zango, ba tare da wani babban kamfani ya dafa mata ba. A kwatanta da "Calm Down" ta Rema: bayan Selena Gomez ta shiga cikinta a 2022, ta kai mataki na 3 a jadawalin Billboard na Amurka, ta kuma haura sauraro biliyan 1 a Spotify a 2023, kowane sauraro a ƙirge yake, da kuɗinsa. A garin Kalgo kuwa, ɗalibin Jami'ar Tarayya ko ɗan kabu-kabu, wurin mai cajin waya zai je a tura masa "Jaruma" a memori, ko abokinsa ya watso masa ta Xender. Wannan sauraron ba ya shiga lissafin kowa, sisi ba ya kaiwa Ɗorayi. Mawaƙin Hausa sai ya jira ɗan abin da YouTube zai ba shi, da liƙin biki, da wasan Sallah.